Azumin da Yaya Sabo Ya Daina Fassara

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma tun uku ga wata jikina ya gane shi. Irin zafin nan ne da za ka fito daga sallar azahar ka tarar takalminka ba ya takuwa. Malamai sun ce wata yakan zagayo inda ya baro duk bayan shekara talatin da uku. Ni dai ban tsaya lissafi ba, maƙogwarona ne ya gaya mini na taɓa yin wannan azumin.

Shekaranjiya ina zaune a shagona na fitilun sola a nan Azare, wasu samari biyu da suka kawo cajin waya suka kaure da gardama. Wai a intanet an jera fina-finan Amurka bibbiyu, jama'a na zaɓe, wanda ya faɗi ya fita, har a samu gwani ɗaya. Ɗayansu ya miƙo mini waya ya ce, “Baba, kai da aka ce ka taɓa riƙe gidan kallo, raba mana gardama.” Na ce idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Ban gaya musu cewa mu ma mun taɓa yin irin wannan gasar ba, a kan tabarma, da baki a bushe.

Gidan kallonmu ɗaki ne dogo a bayan kasuwa, rufin kwano, benci takwas, talabijin ɗaya da bidiyo da ƙaramin janareta. Mun toshe tagogin da buhu don a samu duhu da rana. Ni ne mai inji da tsaron ƙofa, yayana Sabo shi ne mai baki. Fim ɗin Indiya ba ya buƙatar kowa, waƙa ce da kuka. Na Sin duka ne daga farko har ƙarshe. Amma na Amurka akwai surutu, to a nan Yaya yake cin abincinsa. Yakan zauna a wata kujera dab da talabijin, ya ba jama'a baya, Bature ya yi magana shi kuma ya mayar da Hausa. Ya yi shekara huɗu wajen Turawa masu gina titi, don haka duk Azare an san yana jin Turanci. Mutane daga Gamawa da Sakwa sukan ci kasuwa su ƙi komawa da wuri don su ji shi.

Daminar da ta gabaci shekarar ta ɗauke da wuri. Gero ya fitar da kai amma bai cika ba, kafin bazara ta yi nisa ana iya ganin gindin rumbunmu. Innarmu ta fara haɗa garin rogo a tuwo, ta kuma mayar da girki sau ɗaya. Rijiyar gidanmu ta ja baya har muka ƙara wa igiyar guga tsawo sau biyu, abin da ke fitowa ma rabinsa laka. Ana cikin haka sai sanƙarau ya shigo gari. Mutum ya kwana da ciwon kai, ya wayi gari wuya ya ƙi lanƙwasa. Aka yi shela cewa a daina cunkoso a ɗaki, aka rufe gidajen kallo duka. Gawa kuwa kusan kullum sai an fitar, har mutum ya daina tambayar ta wace ce, sai dai ya shiga sahu.

Ana saura kwana goma sha biyu azumi Yaya ya kwanta. Kwana tara muka yi a barandar asibiti. Ya tashi, muka gode Allah, muka dawo gida. Washegari matarsa Ladi ta saki kwanon sha a bayansa, ƙarar ta firgita har kaji, shi bai waiwaya ba. Likita ya ce kunnuwan sun tafi duka biyu kuma ba za su dawo ba, amma harshensa lafiya lau. Duk da haka daga ranar Yaya bai ƙara cewa uffan ba. In an ba shi abinci ya ci, in an nuna masa rana ya yi sallah, sauran yini yana gindin darbejiyar ƙofar gida yana kallon titi. Inna ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne, ba ta kuma tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Sai dai in na shigo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Na wajen nan, ya ce wani abu?” In ce a'a, ta ci gaba da tankaɗe.

Ban yi kuka ba, ban kuma ji wani abu mai suna ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. An ce in ciwon ya lafa za a buɗe gidajen kallo ranar Sallah, ni kuma na ƙudurta cewa in Yaya bai hau kujerar nan ranar Sallah ba, ba zai sake hawa ba, ba kuma zai sake magana ba. A ganina matsalar a fili take: ba ya jin Turawa. To sai a rubuta masa abin da suke faɗa. Na je wajen Malam Audu, maƙwabcinmu mai koyar da Turanci a sakandare, wanda bai taɓa taka gidan kallonmu ba don yana ganin ba wurin malami ba ne. Ya yarda zai kalli fim ya rubuta fassarar a takarda, Yaya ya riƙa karantawa. Sai dai fetur ya yi wuya a lokacin, ɗan abin da na ɓoye ba zai wuce aikin fim ɗaya da nunin ranar Sallah ba. Mu kuwa kasetin Amurka goma sha shida muke da su.

Ado mahauci, abokin Yaya, tsohon ɗan dambe ne, shi ya kawo dabara. Ya ce, “Kai Isiya, meye na ciwon kai? A haɗa su dambe. Bibbiyu, kullum karo ɗaya. Wanda ya sha ƙasa ya koma kwali. Sabo ne alƙali.” Na samo allon makaranta da alli na rubuta wa Yaya: Muna zaɓen fim ɗin Sallah, kai za ka yanke. Ya karanta, bai ɗaga kai ba, bai kuma girgiza ba. Maganar takarda ban rubuta masa ba. Na ji nauyin in nuna wa yayana cewa wani zai yi masa aikinsa, na ce in ta kammala ya gani da idonsa.

Haka yinin azumin nan ya riƙa tafiya. Mu yi sahur da ɗumamen tuwo da ruwan randa mai ɗumi. Gari na wayewa ni da Ladi mu hau rijiya, ina ja tana tacewa da ƙyalle, kafin hantsi mu cika randa biyu in an yi sa'a. Daga nan ba sauran aiki, don ba kasuwa ba gona. Bango kan ɗauki zafi har ba a jingina da shi. Bayan azahar sai a shimfiɗa tabarma gaban Yaya, mu zauna nesa-nesa da juna saboda ciwon: ni, da Ado, da Iro tela, da Buba, wani Bafulatani daga Udubo wanda 'yan uwansa suka kora shanu kudu neman ciyawa suka bar shi da jinyar mahaifiyarsa a gari. In fito da kaset biyu in ajiye. Kwalayensu duk sun yage, mu muka raɗa musu suna da biro: Soja Ɗaya, Gidan Yari, Masu Shanu, Mai Ƙanƙara, haka dai. Mutum biyu su ɗauki ɓangare, kowa ya wasa nasa ya kushe na wani, har yawu ya ƙafe. Sannan a tura su gaban Yaya. Ya dube su, ya sa ɗan yatsa ya ture ɗaya. Ado ya ce, “Kisa!” ya jefa shi kwali. Kafin nan an kira la'asar, ƙamshin ƙosan maƙwabta ya fara hana mu tunani.

Da farko mun yi gasar da ilimi. Ana duba wanda ya fi faɗa mai kyau, da wanda jaruminsa ya fi shan wuya kafin ya rama, da wanda ƙarshensa bai bar mutum da haushi ba. Amma da azumi ya kai goma, ƙishirwa ta karɓe alƙalancin. Mai Ƙanƙara fim ne marar kan gado, wasu mutane ne kawai ke tafiya a dutse suna faɗuwa, amma sai da ya kai zagaye na uku, don ba wanda ya iya buɗe baki ya kushe shi. Buba yakan lumshe ido ya ce, “Ƙasa duka ƙanƙara, Ado. Suna takawa. Ko ɗaya bai sunkuya ya lasa ba.” Wani fim kuma mai kyau ƙwarai Ado ya nemi a kore shi tun kafin karo, wai akwai inda ake yanka gasasshiyar kaza a teburi, kuma tunawa da shi da rana makaruhi ne. Yaya ba ya jin ko ɗaya daga cikin wannan, amma yana bin bakunanmu da ido, wani lokaci ya ture daidai wanda muka fi so ya zauna.

Ranar sha uku ga wata Iro bai zo ba. Ranar sha huɗu da hantsi muka kai shi makwancinsa, har da Yaya a sahu. Ƙasa ta yi tauri, masu haƙa suna azumi, sai karɓa-karɓa muka yi. Bayan azahar ban san abin da ya fito da ni ba, na tarar Ado da Buba sun riga sun zauna. Karon ranar kuwa ya faɗo kan Gidan Yari, wanda Iro ke mutuwar so, har ya haddace yadda jarumin ke tafiya. Ba wanda ya wasa, ba wanda ya kushe. Muka tura su gaban Yaya muna jira ya bar na Iro. Ya sa yatsa ya ture Gidan Yari, don gaskiya ɗayan ya fi shi. Ado bai ce kisa ba. Ya ɗauka ya sa a kwali a hankali, muka zauna har aka kira sallah.

Karon ƙarshe ya zo tsakanin Masu Shanu da Shari'ar Sa. Masu Shanu na mutanen nan ne masu faffaɗar hula da ke kiwo a kan doki, Buba ya kalle shi ya fi a ƙirga, kullum yana mamakin shanu masu ƙiba haka babu tozo. Shari'ar Sa kuwa shi ne fim ɗin da ya yi wa Yaya suna. Kusan duka a kotu ake yinsa. San wani makiyayi ne ya shiga gonar wake, mai gona ya kai ƙara, lauyoyi biyu suka yi ta zuba. Yaya ya raɗa wa lauya mai ƙiba Alhaji Tumbi, alƙalin kuma Alƙalin Sakwa, yana yi musu murya kowa da tasa. Mutane kan faɗo daga benci don dariya. A ƙarshe makiyayi ke yin nasara, shi ya sa ranar Buba ya rasa ɓangaren da zai tsaya, ya ce shi ya janye. Yaya ya ɗauki kaset ɗin biyu a hannu, abin da bai taɓa yi ba, ya daɗe yana juya su. Sannan ya ajiye Masu Shanu gefe, ya miƙo mini Shari'ar Sa. Na ɗauki wannan a matsayin ya amince.

Washegari da safe na buɗe gidan kallo ni da Malam Audu kaɗai. Kwano na ƙara don zafi, ɗakin na warin buhu da ɓera. Na tada inji, ya zauna da littafi a cinya, yana ɗaga hannu ina tsayar da fim. Ba a yi nisa ba ya ajiye biro.

“Isiya, ina san yake?”

Na ce, “Ai ba a nuna shi, Malam. Labarinsa ake bayarwa.”

“Ba a ma ambace shi ba. Babu sa, babu wake. Gidan wata tsohuwa ne ya ƙone, kamfanin inshora ya ce ita ta sa wutar. Wannan mai ƙibar lauyan kamfani ne.”

Na ce ko dai a gaba ne. Muka tura gaba, muka dawo baya, babu. Shekara biyar ana nuna fim ɗin nan, ni kaina na kalle shi ya fi sau hamsin, ban taɓa tambayar dalilin da ba a nuna san ba. Malam ya share gumi ya ce, “To ya za a yi, in rubuta?” Na tsaya ina kallon Alhaji Tumbi a daskare a talabijin, bakinsa a buɗe. Ban ji haushi ba, ban ji dariya ba, yunwa kawai nake ji. Na ce ya rubuta. Na gaya wa kaina cewa wataƙila Turancin masu titi daban ne da na kotu, kuma yanzu Yaya zai samu na gaskiya. Safiya huɗu Malam ya yi, ya cika littafi biyu da kyakkyawan rubutu, ya ƙi karɓar ko dabino.

Ranar ashirin da bakwai bayan la'asar na kai wa Yaya. Ado da Buba na nan. Na rubuta a allo: Malam Audu ya rubuta maka maganarsu, ranar Sallah sai ka karanta. Ya buɗe littafin, ya karanta shafi ɗaya, ya juya, ya karanta na biyu. Sai ya yi magana. Muryar ta fito da ƙarfi fiye da kima, a miƙe, babu hawa babu sauka.

“Ashe gobara ce.”

Kusan wata guda ke nan ba mu ji shi ba. Daga baya Ladi ta gaya mini cewa Inna na cikin dama kunu ta ji, ta ajiye ludayi ta shige ɗaki ta daɗe.

Ya ce, “Isiya, ni ban taɓa jin Turancinsu ba. Turawan da na yi wa aiki ma ba Ingilishi suke yi ba, da hannu muke magana.”

Na goge allo na rubuta da sauri: To ai shi ke nan, ba ka rasa komai ba. Ka faɗi naka kamar da.

Ya karanta ya miƙo mini allon. “Ba ka gane ba. Ba su nake saurare ba. Ku nake saurare. In na jefa magana na ji bencin baya ya ɗauka, sai in ƙara. In na ji tari da jan ƙafa, in sake hanya. Alhaji Tumbi ma ba ni na raɗa masa ba, wani ne ya faɗa daga baya na cafke.” Ya rufe littafin ya ɗora shi a kan ɗayan, ya daidaita gefensu. “Ka gode wa Malam. Ya sha wahala.”

An ga wata, aka kuma ba da izinin buɗewa. Ranar Sallah muka ci tuwon shinkafar da Inna ta ɓoye tun farkon bazara, na sha ruwa da rana har cikina ya yi ciwo. Bayan azahar ɗakin ya cika, kowa da sabon ɗinki ko wankakken tsoho, ana ta tambayar Sabo. Na aika gida, aka ce ba ya nan. Da jira ya yi yawa sai na ɗauki littafin Malam na zauna a kujerar da kaina. Na karanta musu gobara da inshora. Bature ya riga ni, in bi shi a guje, in tsallake layi. Wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, “Kai, ina san?” Ɗakin ya fashe da dariya, ni ake yi wa. Na waiwaya don in ba shi amsa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba a shekara biyar ina tsaye a bakin ƙofa: hasken talabijin na kan fuskokinsu, tun daga bencin gaba har kusan na ƙarshe, ana ganin haƙoran kowa.

Ban jira fim ya ƙare ba. Na bar wa Ado ɗakin na nufi gida da sauri, zuciyata na bugawa a karo na farko tun da aka fara ciwon nan. Na tarar da Yaya a tsakar gida yana ɗaure tabarma da buhun kaya. Kawunmu na Katagum ya daɗe yana nemansa ya zo su yi lambun albasa a bakin kogi. Na ɗauki allo na rubuta: Ana ganin fuskarsu. Ka juya kujerar kawai, ai ka haddace fim ɗin.

Ya karanta, ya ci gaba da jan igiya.

“Na gani. Ina bakin taga, na ɗaga buhun. Na ga lokacin da suka yi dariya.” Ya ƙulla igiyar ya gwada ƙarfinta. “Kamar kifi a kwando, Isiya. Baki na buɗewa yana rufewa. Ba shi ba ne.”

Na ajiye allin. Washegari da hantsi na ɗaukar masa buhun zuwa tasha. Shekara ashirin da shida ya yi a Katagum yana noman albasa, yana magana da kowa daidai gwargwado, a kan farashi da ruwa da lafiyar iyali. Har Allah ya karɓi abinsa ban ƙara jin ya ba wani dariya ba.